Irin Jan Bijimi a Tulun Sanyi

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da likitan shanu ya koma ɗakin ajiya na gonar kiwo. Aiki ƙarami ne ya kai shi: ya ciro tsinke ɗaya na irin jan bijimi daga tulun sanyi, ya duba lafiyarsa, don gobe za a fara ɗura wa shanu mata su ɗauki ciki.

Ga yadda aikin yake. In an tatsi maniyyin bijimi, ana gauraya shi da gwaiduwar ƙwai da wani maganin kariya, wanda ke hana sanyi cinye ƙwayoyin haihuwar, sannan a zuba a siraran tsinkayen roba masu rami a daskarar. Maganin nan fari ne tas. In iska ta shige shi sai ya koma ruwan ƙasa, kuma daga nan ya tashi aiki.

Likita ya sani sarai. Ranar tatsa ta ƙarshe ya tarar da kwalbar a buɗe, launin ya juya. Sabuwa sai an jira mako uku. Ya zuba hakanan, ya sa hannu a takarda, ya ce wa manajan gonar iri ya adanu. A kan maganarsa aka yanka bijimin, don ya tsufa.

Tsohon makiyayin da ya reni bijimin ya yi magana ranar. "Ɗana, jan nan aro ne a hannunmu, yana da masu shi na ɓoye. Nama ba ya damunsu. Zuriyarsa ce ba su yarda a yanke ba."

"Baba, zuriyarsa na cikin tulu tana barci," in ji likita, har da dariya. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Ya kunna fitila, ya ɗaga murfin tulun. Farin hayaƙi ya malalo ƙasa. Ya ciro tsinke, ya tsoma a ruwan ɗumi, ya ɗiga a gilashi, ya kafa ido a madubin hangen ƙwayoyi.

Babu mai motsi. Ko ɗaya. Sun baje kamar kifin da tafki ya ƙafe ya bari.

Ya ciro na biyu. Haka. Na uku ma haka.

Sai firjin ɗakin ya daina ƙugi.

Wari ya taso: jiƙaƙƙiyar fata, ɗanyen kashin shanu, da ƙarnin jini. A ɗakin da kullum ake wankewa da sabulu.

Ƙwas. Kofato a kan siminti.

Ƙwas.

Hayaƙin da ke kwance a ƙasa ya miƙe tsaye, ya yi tozo, ya yi ƙaho biyu har suna gogar rufi. Huci mai zafi ya sauka a ƙeyarsa.

"Tashe su," wata murya ta raɗa.

Likita ya ce, "Sanyi ne... sanyi ne ya kashe su."

"Ka ga launin maganin?"

Ya kawar da kai.

"Ka gani?"

"Na gani."

Wani abu ya damƙi wuyan hannunsa na dama, ya ja shi zuwa bakin tulun. Ya turje, takalminsa na zamewa. Yatsunsa suka nutse. Ruwan daskarewar da ke ciki ya tafasa, raɗaɗin ya ratsa har ƙashi.

"Ka yanke nawa," in ji muryar, dab da kunnensa. "Na yanke naka."

Wani sanyi ya bi ta cibiyarsa ya sauka ƙasa.

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Tsohon makiyayin ne, ya jiyo ihu daga garke. Ya finciko shi ta wuyan riga, suka faɗa waje tare.

"Kada ka waiwaya, ɗana. Tashi!"

Yatsu uku aka cire masa a asibiti. Ya faɗa wa manaja gaskiya da bakinsa, aka zubar da tsinkayen duka, aka sallame shi.

Ya ɗauka yatsun ne hukuncin. Bayan nan ya yi aure, amma shekara shida matarsa ko ɓatan wata ba ta yi ba. Da aka gwada maniyyinsa, sai ya roƙi mai awon, ya ce shi ma ɗan sana'a ne, a bar shi ya leƙa madubin da kansa.

Ya leƙa. Ƙwayoyin suna nan birjik, babu wanda ya naƙasa, babu mai motsi.

Mai awon ya taɓa gilashin, ya janye yatsa da sauri.

"Malam, wannan daga jikinka ya fito yanzu? Ai ƙanƙara ce."