Rigar da Ta Ƙi Bushewa

Da watan Satumba ya kama, baƙi suka ɗauke ƙafa daga gaɓarmu ta Samaná, guguwa ta fara aiko da gaisuwa. Lokacin tattara kayan haya ke nan. Na kife kwale-kwalen roba a kan katako, na jera filafilai, na wanke rigunan hana nutsewa da ruwan famfo, don gishiri ba ya barin ɗinki da rai. A inuwa ake shanya su, maɓallai a buɗe. Shekara talatin ina wannan aiki, riga ba ta taɓa yi mini fumfuna ba.

Sai guda ɗaya, ja. Ita ba ta bushewa.

Ta 'yata ce, Yaniris, mai raka baƙi cikin teku. A wurinmu ɗa ba ya fita sai ya nemi albarka an amsa masa. Bara, wata safiya, ta zo da rigar a jikinta, igiyar ƙasan rigar tana reto.

"Baba, albarka."

"Sai kin ɗaure igiyar nan."

"Kai, tsohon nan! Kifi za ka koya wa iyo?"

Na yi kunnen uwar shegu da ita. Taurin kai gare ni, na sani. Ta yi dariya ta tura jirginta. Da yamma teku ya dawo mana da rigar, babu mai ita.

Bana, ranar rufe siton kayan haya, na ɗauki kwaɗon ƙofa da almuru. Matata Migdalia tana suyar agada, ko juyowa ba ta yi ba.

"Eusebio, in ka ji wani abu a can, kada ka amsa. Wanda ya amsa kiran ruwa, ruwa ya ci shi."

"Ke dai ji da kaskonki," na ce.

Sito yana warin roba da gishiri. Ƙararrawar coci ta buga shida, daga nan komai ya yi tsit, har kwaɗin bayan katanga.

Ɗis. Ɗis.

Jar rigar ce take zubar da ruwa, bayan kwana takwas a rataye. A buɗe na bar ta. Yanzu maɓallan sama a ɗaure suke, ta cika fam kamar da mutum a ciki. Igiyar ƙasa kaɗai take lilo, alhali babu iska.

Sai ƙamshin man kwakwa, irin wanda take shafa wa gashinta.

"Baba."

Na cije leɓe.

"Albarka."

Na kai hannu in sauke rigar. Igiyar ta nannaɗe mini wuyan hannu, sanyi ƙalau, ta ja.

Ƙofa. Yashi. Ruwa a idon sawu, ruwa a gwiwa. Na turje, ƙasa tana zamewa a ƙarƙashina. Can baya na ji Migdalia tana ihu, "Kada ka amsa!"

Ruwa a ƙirji.

Ruwa a haɓa.

"Baba, na gaji," in ji muryar, dab da kunnena. "Shekara guda ina tsaye a bakin ƙofa."

Nan zuciyata ta karye. Yarinyar da ko kanti ba ta zuwa sai an amsa mata, ni na hana ta tafiya. Na laluba cikin ruwa, na samo bakin igiyar na cusa a maɓalli. Ƙwas.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Je ki."

Hannuna ya kuɓuta. Igiyar ruwa ta watso ni kan yashi ina aman gishiri, rigar tana gefena.

Gari na wayewa ta bushe ƙayau. Migdalia ta ɗauke ta, ta tusa fuska a ciki, ta daɗe tana shinshina. Da ta ɗago, idonta ya yi ja.

"Kullum da almuru nakan zo in ji ƙamshin gashinta," ta ce. "Na ce maka kada ka amsa. Ka sallame ta, ni ko ban kwana ba mu yi ba."



Na rataye rigar cikin 'yan'uwanta, ita kaɗai da maɓallai a ɗaure. Har yau Migdalia takan je sito da almuru, ta tsaya tana kasa kunne. Babu abin da yake ɗiga.