Ruwan Gurbin Ambursa

Shekara guda da ƙirƙiro jihar Kebbi, Sirajo Dankure ya dawo daga Kaduna da lasisin tuƙi da kuma raina mutane. Aka ba shi Landirobar wani ofishin noma, yana kai taki tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. A ganinsa duk bakaniken Gwadangaji mai gyaran keke ne da ya tsinci sufana.

Sai motar ta tsiro da tsiya. Tana cikin gudu ta yi tari ta mutu, bayan minti goma ta tashi kamar ba ita ba. Ya canja filogi, ya wanke kafireto, duk a banza. Ogansa ya ce in ta ƙara tsayawa da kaya a hanya, ya ajiye makulli.

Dole ta kai shi garejin tsoho Ummaru a Gwadangaji, gefen Birnin Kebbi. Tsohon bai ko kalli filogi ba. Ya buɗe murfin lagireto, ya shinshina, ya ja da baya.

"Ina ka ɗebo ruwan ga?"

"Gurbin bayan Ambursa. Ta yi zafi da magariba, na cika galan."

"Ka yi sallama? Ko masunta ba su taɓa gurbin ga sai sun roƙi masu shi. Tahi da rana ka maida musu abinsu, ka ba su haƙuri. Kuma kak ka bari shi taɓa bakinka."

Sirajo ya yi tsaki. "Wai ruwa da masu shi. Shi ya sa har yau kuke gyaran keke."

Ranar Alhamis yana dawowa daga Argungu, rana ta yi ja, motar ta yi tarinta ta mutu. Ya leƙa. Daidai gurbin ne.

Ƙarnin kifi ya cika motar. Kwaɗin fadama suka yi tsit lokaci guda. Daga cikin injin ya ji ɓul, ɓul, kamar wani abu na juyi a ruwa.

Ya tuna maganar tsohon, amma girman kai bai bar shi ba. Ya ce wa kansa ruwan datti ne kawai, zubarwa zai yi. Ƙusar ƙasan lagireto ta yi tsatsa, ta ƙi juyawa. Ya zura tiyo ta sama, ya kafa baki ya zuƙa, yadda direbobi ke yi wa fetur.

Injin da zafi. Ruwan kuwa sanyi ƙalau.

Ya ƙware, ya haɗiye kurɓi guda.

Sauran ya zubo ƙasa, bai nutse cikin yashi ba. Ya haɗu wuri ɗaya, ya miƙe zuwa gurbin.

Wani numfashi mai danshi ya taɓa kunnensa.

"Saura wanda ka haɗiye."

Bai san yadda ya faɗa mota ba. Murɗa ɗaya ta tashi, bai taka birki ba sai unguwar Gesse cikin Birnin Kebbi.

Daga ranar Landirobar ba ta ƙara tari ba. Sirajo ne yanzu yana cikin magana zai yi tari, idanunsa su kafe, minti goma, sannan ya ci gaba kamar ba shi ba. Asibiti ba su ga komai ba. Ofis ya karɓe makulli.

Da aka kai shi wurin Ummaru, tsohon ya matso ya shinshina bakinsa, ya ja da baya.

"Wagga mota ba ta da murfin da za ni buɗe."