Wa Ya Zana Gidajen?

Ɗakin ajiya ne, mai ƙaramar taga ɗaya, cike da tsofaffin kujeru da kwalaye, amma nan ne duniyar marainiyar gaba ɗaya. Hannunta bai gama bushewa daga wankin gidan Baffanta ba ta jawo tsohuwar kwamfutar da mahaifinta ya bari, mai tsagewa a gefen gilashi, ta ci gaba da zanen taswirar wani gida mai hawa biyu. Ba mai leƙo ta sai idan aike ya taso. Allah sarki! Yarinyar da ke zana wa mutanen ƙasashen waje ɗakuna masu faɗi da iska, ita ko wurin miƙe ƙafa ba ta da shi.

Shekara biyu ke nan tana wannan aiki ta intanet, sai dai ba da sunanta ba. Tun rasuwar iyayenta Baffa ya kulle takardunta a durowarsa, wai don kada su ɓata, saboda haka da sunan ɗansa aka buɗe shafin neman aikin. Ita ke zane, shi ke karɓar yabo. Har unguwa ta laƙaba masa Injiniya, mutumin da ko layi madaidaici bai taɓa ja ba!

Ranar da wani kamfanin gine-gine na ƙasar waje ya aiko da saƙo cewa yana son ɗaukar mai waɗannan zane-zane, da izinin zama da masauki, gidan ya kaure da murna. Marainiyar ta tsaya a bakin ƙofar falo.

"Baffa... ai ni ce na yi zanen," ta ce da muryar kuka.

Inna, matar Baffa, ta watsa mata harara. "Ji min yarinya! Mun ci da ke, mun sha da ke, yanzu arzikin yayanki za ki yi wa baƙin ciki?"

"Yaya, don girman Allah ka faɗa musu gaskiya..."

Injiniya ya yi dariya. "Ke, sunan wa suka sani? Kwantar da hankalinki, in na isa zan riƙa turo miki aikin kina yi."

Baffa ko kallonta bai yi ba. Ta koma ɗakinta ta kifa kai a kan kwali, ta yi kuka har idonta ya kumbura. "Ya Allah, Kai kaɗai Ka ga wahalata, Kai kaɗai gare ni..." Babu wanda ya biyo ta ko da kalmar rarrashi.

Injiniya kuwa ya sayi ƙatuwar jaka, ya bi gida-gida yana sallama tun kafin a yi ganawar ƙarshe ta bidiyo. Ran ganawar ya ƙwace kwamfutarta, ya sha kwat, ya hakimce a falo. Shugabar kamfanin ta ce ya buɗe zanensa na baya-bayan nan, ya matsar da matakalar bene zuwa gabas suna kallon allon kwamfutar daga can. Tirƙashi! Gumi ya keto masa. Ya taɓa nan, bango ya ɓace. Ya taɓa can, matakalar ta faɗa cikin banɗaki. Da ya ga ba mafita sai ya kashe kyamara, a zatonsa ya rufe komai, ya ƙwala kira.

"Ke! Zo ki gyara zanenki maza, kafin su gane!"

Ta shigo tana share hawaye, ta durƙusa gaban teburin. Cikin minti biyu bango ya dawo, matakala ta koma gabas, har ta ƙara wata taga don haske ya sauka a kanta. Ashe duk motsin nan ana gani, muryarsa ma an ji ta tar, akwai kuma mai jin harshensu a cikin ma'aikatan.

"Wace ce ta yi wannan gyara?" in ji shugabar. "Da ita muke son magana."

Da suka yi magana da ita, sai suka ba ta aikin. A satin aka rufe shafin Injiniya saboda yaudara, labari ya zaga unguwa, ya daina fita ko ƙofar gida. Baffa da hannunsa ya buɗe durowa ya miƙa mata takardunta, kansa a ƙasa don kunya.

Bayan wata huɗu ta buɗe ƙofar masaukinta a sabuwar ƙasa: gado, tebur, babbar taga, da takardar aiki mai ɗauke da sunanta. Ta yi sujada ta gode wa Ubangijinta. Tana ɗagowa wayarta ta yi ƙara, Inna ce.

"'Yata, kin sauka lafiya? Ki yafe mana... ki taimaki yayanki."

"Na yafe, Inna. Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

Ta ajiye wayar, ta sake ɗauka, tana neman wanda za ta yi wa albishir. Ta bi lambobin tun daga sama har ƙasa ba ta samu ba. Sai ta zauna a bakin gado, ta rungume takardar, hawaye na zuba.

"Baba, Mama... 'yarku ta iso," ta ce a hankali.