Kaka Ta Juya wa Surukai Baya

Ranar da Fergus, saurayin da zai auri Tegan, ya zo da maganar otal, Kaka Noeleen na tsaye a kicin tana feraye dankali, jikarta Tegan kuma na zaune a kan teburi tana kaɗa ƙafa, abin da tun tana yarinya ake hana ta ba ta daina ba. A wannan ɗan gidan na unguwar Glenorchy da ke gefen birnin Hobart Kaka ta rene ta tun rasuwar uwarta, kuma a nan Fergus ya saba shan tsiya duk yammacin Lahadi. Kaka kan ce masa tsawon banza, ko ƙwan lantarki bai iya canzawa ba, shi kuma ya ce ai don dai ya makara ne a zuwa duniya, da ita zai aura ya bar jikar.

Ya ce mahaifiyarsa, Philippa, ta kama wa kowa ɗaki daga Asabar zuwa Lahadi, domin dangin biyu su ga juna kafin biki, a kuma duba zauren da take so a yi liyafa. Kaka ta ce lallai masu gonar tuffa akwai son burga, sannan ta tambayi wane otal ne.

"Sabon nan na kan tudu, Kaka. Tsohon ginin dutse mai kallon tashar jiragen ruwa."

Wuƙar ta tsaya a jikin dankalin. Can ta tambaya, ba tare da ta waiwayo ba, ko har yanzu tagogin sama suna da ƙarafa. Fergus ya yi dariya ya ce an cire, yanzu gilashi ne zalla. Tegan ta ce in ba ta son zuwa a ba da uzuri, amma Kaka ta ce za ta je. Ba za a ce yarinyarta ba ta da kowa ba.

Asabar ta zo da sanyin Yuli mai shiga ƙashi, domin a can watan tsakiyar hunturu ne. Dusar ƙanƙara ta rufe kan dutsen da ke bayan Hobart, hazo kuma ya taso daga kogi ya haɗiye rabin gari tun da azahar. Cikin otal ɗin kuwa sai ɗumi da ƙamshi: wuta na ci a murhu, kafet mai laushin da ƙafa ke nutsewa, ma'aikata na magana ƙasa-ƙasa. Tegan ta so ta yi murna. Amma a ƙarƙashin turaren nan mai tsada hancinta ya riƙa jiyo wani wari daban, na sabulun wanki da sitaci da jiƙaƙƙen dutse, kamar bangon ne ke fitar da shi.

Kaka ta ƙi shiga lifta. Ta wuce gaban ma'aikacin da zai nuna musu hanya, ta karya kwana, ta buɗe wata ƙofa da ba rubutu a kanta, sai ga siririn bene. A hawa na biyu ta sunkuyar da kai a wurin da ba abin da zai buge ta. Da suka shiga ɗakin, katafaren ɗaki mai kallon ruwa, ba ta ko dubi tagar ba. Ta yaye zanin gadon da aka shimfiɗa tsaf, ta sake shimfiɗa shi, ta ja gefensa har ya yi tauri kamar allo. Matar da muryarta ke kaiwa gidan maƙwabta ta koma raɗa.

"Kaka, lafiya kuwa?"

"Rage murya. Ana ji ta bututu."

Tsigar jikin Tegan ta tashi, domin a daidai lokacin wani abu ya ƙwanƙwasa a cikin bango sau biyu, ya yi shiru.

Da la'asar suka fito za su sauka shan shayi da surukai. Barandar cikin doguwa ce, ba taga ko ɗaya, fitilunta jajaye-jajaye. Daga can ƙarshenta sai ga Philippa da mijinta Rowan sun nufo su cikin shiga ta alfarma, Fergus na biye. A hannun Philippa akwai jaririn 'yarta, a naɗe cikin farin shawul.

Tegan ta gyara tsayuwa ta shirya murmushi. Ta waiwaya domin ta gabatar da kakarta, sai ta ga ƙeya. Kaka ta juya ta fuskanci bango, goshinta ya kusa taɓa shi, hannuwanta biyu a haɗe ta baya.

Philippa ta yi gaisuwa. Shiru. Ta maimaita, ta kira sunanta. Kaka ko motsi. Tegan ta ja hannun rigarta tana roƙo, amma kamar icce ta taɓa. Rowan ya yi tarin da ba na tari ba. Philippa ta daɗe tana duban bayan tsohuwar, fuskarta ta yi jawur, sannan ta wuce. Sai da ƙarar takalmansu ta ɓace Kaka ta juyo, idanunta kamar na wanda aka tasa daga barci.

A ɗaki ne ta faɗa wa Tegan, tana zaune a bakin gado. Wannan ginin, kafin ya zama otal, gida ne da ake ɓoye 'yan matan da suka yi ciki ba aure. Ubanta ya kawo ta nan tana 'yar budurwa, ya tafi bai waiwaya ba. A ƙasa, inda yanzu baƙi ke ninƙaya, nan suke wanki daga safe har yamma da tsohon ciki. Kuma akwai doka: duk lokacin da baƙi masu kyawun tufafi suka shigo, musamman mata da miji masu neman ɗan riƙo, kowace yarinya ta fuskanci bango har su wuce, don kada su ga fuskarta, kada ita ma ta ga tasu.

"A barandar nan aka wuce da nawa. Na ji kukansa a bayana. Ban juya ba, Tegan. An ce kada a juya."

Ba wanda ya taɓa sani, har marigayi mijinta, har uwar Tegan. Ta kama hannun jikarta ta sa ta yi alkawarin ba za ta gaya wa kowa ba, ko Fergus. Tegan ta yi, tana kuka.

Kafin cin abincin yamma Philippa ta aiko a kira Tegan ita kaɗai. A gaban murhu ta same ta, Fergus na tsaye a gefe kamar mai laifi. Philippa ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ba ta taɓa raina inda Tegan ta fito ba, amma a gaban mijinta da ɗanta aka juya mata baya kamar mai wari. Ko dai a faɗa mata dalili kafin a bar otal gobe, ko tsohuwar ba za ta taka wurin bikin ba, ko kuma a yi bikin ba da ita Philippa ba.

Tegan ta ba da haƙuri iyakar iyawarta. Ta rantse ba raini ba ne. Dalili kuwa ta ce akwai, amma ba nata ba ne da za ta faɗa. Bikin da babu Kaka kuma, ta ce a hankali, ita ma babu ita.

Fergus ya biyo ta har gindin bene. Ya ce shi ba Mama ba ne, shi ne mutumin da za ta aura, in tun yanzu akwai abin da ba za a gaya masa ba, ina aka dosa? Kalma ɗaya ta isa ta gyara komai, kuma tana nan a bakin Tegan, tana ƙona ta.

"Fergus, in na sayar da sirrin wadda ta rene ni don in same ka, gobe da wane ido za ka ba ni naka?"

Ya ce bai gane ba, kuma ransa bai so ba, amma zai jira. Ya sake ta ta hau.

Washegari hazon bai tashi ba. Tegan ta haɗa kayansu da kumburarrun idanu, ta gaya wa Kaka wai mura ce. Sun fito barandar ke nan sai wata ƙofa ta buɗe a gabansu, wasu baƙi mata da miji suka fito, mijin na saɓe da jaririya mai kuka. Nan take Kaka ta juya ga bango. Baƙin suka tsaya suna kallonta da mamaki, matar har ta fara taɓa mijin.

Tegan ba ta ja rigarta ba wannan karon. Ta ajiye jakar, ta matsa kusa da kakarta, ita ma ta fuskanci bango, kafaɗa da kafaɗa. In za a kalle su, a kalle su tare. Dutsen na hura mata sanyi a goshi. Ta ji baƙin sun wuce da sauri, kukan jaririyar ya yi nisa. Sai kuma ta ji wasu takalman, a hankali, sun zo sun tsaya a bayansu.

"Allah Sarki." Muryar Philippa ce. "Na taɓa ganin wannan."

Ta ce tana ƙaramar yarinya uwarta kan zo gidan nan da ita gab da Kirsimeti, tare da matan coci, su kawo kayan jarirai. Ita abin da aka gaya mata gidan agaji ne. Ta manta komai sai yanzu da ta ga baya biyu a jere: 'yan mata cikin riguna masu ruwan toka, daga wannan ƙarshen baranda zuwa wancan, kowacce ta ba da ƙeya.

"Na ɗauka matan gidan nan ba su da fuska. Na daɗe ina mafarkinsu. Na tambayi uwata, ta ce in rufe baki."

Kafaɗar Kaka ta fara girgiza a jikin ta Tegan.

"Noeleen, don Allah ki juyo. Ina so in ga fuskarki."

Sannan Kaka ta saki hannuwanta daga baya, ta juyo. Philippa ta dube ta sosai, ta roƙi gafara, ta kuma tambaye ta jaririn da aka raba ta da shi namiji ne ko mace. Kaka ta ce ba a gaya mata ba, amma a ranta namiji ne, kukan nasa da ƙarfi. Nan suka riƙe juna suna kuka, Tegan na tsaye ta rasa wadda za ta rarrasa.

Kaka da bakinta ta gaya wa Fergus komai, a cikin mota, kafin su kai Glenorchy. Ya faka a gefen titi ya kifa kai a sitiyari. Da ya ɗago ya nemi Tegan ta yafe masa, Kaka ta ce ya ja mota, mutum sai tsawo ba ƙwari, ita ta gama kukanta. Philippa ta fasa zauren otal. Da lokacin zafi ya zo aka ɗaura auren a gonarsu ta tuffa da ke yankin Huon, a fili, a ƙarƙashin itatuwa, kuma ita ce daga baya ta riƙa raka Kaka ofishin da ke taimaka wa irinsu neman 'ya'yan da aka raba su da su.

Masoya, ku duba. Da Tegan ta buɗe baki a gindin benen nan, da ta samu biki ta rasa amanar kakarta, mijin da ya ga haka kuma ba zai manta ba. Ta haƙura ta ɗauki zargin da ba nata ba, Fergus ya haƙura ya jira abin da bai gane ba, sai gaskiya ta fito ta hanyar da ba ta tozarta kowa ba. Kuma idan babba ya yi maka abin da ya yi kama da wulaƙanci, dakata kafin ka yanke hukunci. Wataƙila ba kai yake gani ba a lokacin.