Gidan Da Ba Ya Son Zafi

"Ina soket ɗin?"

Auta ta sake shafa bangon kicin ɗin, tun daga bakin ƙofa har kusurwa. Fenti ya bushe, santsi kamar kumatun jariri. Ga ƙaramin soket na butar shayi, ga na firji. Babban nan da ta nuna wurinsa da yatsanta tun ana aza bulo, babu shi, babu dalilinsa.

"Injiniya, da kai nake. Ina soket ɗin obin?"

"Zumata..."

"Ajiye zumar nan tukuna. Ina yake?"

A ƙofar gida 'yan dako suna tallabe da obin ɗin da take gasa kek da shi, jijiyoyin wuya duk sun tashi. Ɗaya ya ɗaga murya.

"Anti, mu shigo ko mu sauke? Wannan abu fa ba katifa ba ne!"

Injiniya, mijin da za ta aura, ya cire tabarau ya shiga gogewa. Haka yake yi duk lokacin da gaskiya ta tsaya a gabansa, wai ko in ya mayar zai ga wata daban.

Gida ne da aka jima ana labarinsa. Bango biyu aka yi masa, aka cusa wani irin soso a tsakani don kada zafi ya samu hanyar shiga. An shafe rufin da farin fenti, an jera farantan sola a kai, batura kuwa ɗakinsu guda suka samu, har da iskar da za ta riƙa shafa su. Aiki ya zo ƙarshe: masu tayil na kankare ragowar siminti, kafinta na ɗaura hannayen ƙofofi, saura masu duba gini su zo su auna, su ba gidan takardar shaida. Daga nan sai aure. A wannan jerin Injiniya ya tsara su, kuma Auta ba ta taɓa lura da wanda ya zo a ƙarshe ba.

"Kin ga, Gimbiya," ya ce, "obin ɗin nan shi kaɗai zai shanye rabin batir kafin rana ta take. Ga zafin da yake fitarwa. Gidan nan gaba ɗaya an gina shi ne don a hana zafi shigowa. Ya za a yi mu ɗauko zafi da hannunmu mu ajiye shi a tsaka?"

"To a ina zan yi aiki?"

"Za mu tattauna."

"Yaushe ka yanke cewa ba za a saka ba?"

Ya dubi silin. Silin ɗin ya yi kyau, amma bai taimake shi ba.

"Tun... tun a zane."

Tun a zane!

Wato tun kafin a haƙa harsashi. Tun lokacin da take cika kwali da kek tana kawo wa magina, shi kuma ya zauna a kan bulo, ya ɗauki mafi girma, ya lumshe ido ya ce, "Hannun nan naki, Zumata, Allah ya bar mini shi." Ashe hannun yake so a bar masa, ba aikin hannun ba.

A kan obin ɗin ma suka haɗu. Ya zo sayen kek na 'yar yayarsa, ya tsaya ya yi mata lacca a kan yadda murfin yake zubar da zafi. Washegari ya dawo da sabuwar roba ya gyara mata. Ta ɗauka kulawa ce. Mace in tana so, lacca ma waƙa ce.

Ƙarar takalmi ta cika falo. Yayarsa ce, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yau ba ta yarda renon ya ƙare ba. A bayanta ga Mai Zane, abokiyar aikinsa da ta tsara gidan, wadda ma'aikata ke kira Doguwa in ba ta kusa.

"Wane ne ya tare mana ƙofa da wannan akwatin gawa?" in ji Yaya.

"Sannu da zuwa, Yaya. Obin ɗina ne."

"Au, naki ne? Ƙanwata, ai na zaci an wuce wurin. Matar Injiniya guda, a ce 'yan sayen kek na buga mata ƙofa? Ki huta mana. Hutu ai ba cuta ba ne."

"Ban ce na gaji ba, Yaya."

"Za ki gaji."

Mai Zane kuwa ta ɗaga wata na'ura mai kama da kyamara wadda take nuna inda zafi yake, tana bin bango da ita a hankali. Ko'ina shuɗi, ko'ina lafiya. Sai ta juyo da ita kan Auta, ta yi murmushi.

"Kai, zo ka gani. Duk gidan nan ita kaɗai ce ja."

Injiniya ya leƙa. Ya yi dariya.

Dariya ya yi!

Auta ta fita ta ce wa 'yan dako su mayar da obin cikin mota. Suka dubi juna, suka dubi sama, suka ɗaga. Tana shirin shiga gaban motar sai ga Mai Zane ta biyo ta, murya ƙasa-ƙasa, irin ta mai ba da shawara don Allah.

"Kar ki ga laifina, 'yar uwa. Da ya ce in saka, da na saka. 'Yan farantai kaɗan za a ƙara a sama, a huda bango a fitar da bututun zafi. Aikin yini guda. Bai ce ba ne."

"Me ya sa kike gaya mini?"

"Don na ga ya kamata ki sani."

Auta ta dube ta daga sama har ƙasa, kuma tafiya ce mai nisa. Ta san abin da Doguwa ke nema. Makaho ma da ya shigo gidan nan zai ji yadda take kiran "kai" ɗin nan. Abin takaicin shi ne, makirci ne, amma babu ƙarya a ciki.

Umma na tsakar gida tana ninke wanki lokacin da aka dawo da obin aka dire shi a tsohon mazauninsa.  Ta bari sai da 'yan dako suka fita.

"Ya ƙi shiga ne, ko an ƙi shi?"

Auta ta faɗa jikinta ta fashe da kuka.

"Yi kukanki, 'yar nan. Ni dai na faɗa tun farko. Mutumin da zai zo gaishe ni, ina magana ya miƙe ya kashe mini ƙwan lantarki, wai rana ta isa? A ɗakina!"

"Umma, yana sona..."

"Ban musa ba. Mai kaza ma yana son kazarsa."

"Umma!"

"To na yi shiru. Amma obin ɗin nan shi ya riƙe gidan nan tun da mahaifinki ya kwanta dama. Shi ya kai ki makaranta. In za ki ajiye shi, ki ajiye don kin ga dama, ba don bango ya ce ba."

Kwanaki suka shuɗe wayarta na ruri. Saƙonninsa dogaye ne, masu sakin layi, har da na ɗaya da na biyu. Ta ƙi buɗe na ƙarshen. Ranar da ya zo da kansa da hantsi, ta tarar ya rame, gemu ya yi buzu-buzu, rigar ma ba guga. Zuciya ba ta da kunya. Tana ganinsa ta ji ta narke kamar bota a kasko.

"Zumata, ba na barci."

"A gida mai sanyi haka?"

"Ki daina. Wallahi in babu ke kango ne. Na yi tunani, na samo mafita. Ki bar obin ɗin a nan wurin Umma, ki riƙa zuwa lokaci-lokaci..."

"In yi aure a can, in yi rayuwa a nan."

"Ko mu yi masa rumfa a bayan gida."

"Kusa da kwandon shara? Batir na da ɗaki, ni ina da rumfa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Faɗi abin da kike so. Ko mene ne. Na rantse zan yi."

"Huda ɗaya."

"Na'am?"

"Ka huda bangon kicin. Da hannunka, ina tsaye. Waya da farantai su biyo baya, ba na gaggawa. Ni dai in ga ƙofar da aka buɗe domina a gidan nan, ko da ta kai faɗin tafin hannu ce."



"Mu je," ya ce.

Ta shiga motarsa zuciyarta na tsalle. Har ta fara tsara yadda za ta ba 'ya'yansu labarin: ranar da babanku ya fasa bango saboda ni. A hanya ya riƙa satar kallonta yana murmushi, ita ma tana mayarwa. Da labarin ya tsaya a motar nan, da kowa ya tafi gida da daɗin rai.

Sun tarar an share gidan tas, ana jiran masu duba gini washegari. Mai Zane na falo tana liƙe wata 'yar kafa a gindin ƙofa. Auta ta wuce ta, ta ɗauko guduma da kurfi, ƙarfen huda bango, daga akwatin kafinta, ta danƙa masa. Ta ɗora yatsa a bango, daidai inda ta taɓa nunawa.

"Nan."

Ya kafa kurfi. Ya ɗaga guduma.

"Me za ka yi?" Mai Zane ce a bakin ƙofa. "Gobe fa za su zo! Ka huda nan, iska ta samu hanya, sakamakon ya faɗi. Duk wahalar da muka sha?"

Muka.

"Ai ke kika ce aikin yini guda ne," in ji Auta.

"Na ce ana iya yi. Ban ce gidan zai zauna yadda yake ba."

Guduma na sama. 

"Masoyi," Auta ta ce a hankali, sunan da ba ta cika kiransa da shi ba sai ta kai maƙura. "Buga."

Ya sauke guduma kaɗan.

"Bari in auna tukuna, kar in samu waya a ciki."

"Babu waya. Rashinta ne ya kawo mu."

Ya sake ɗagawa. Ya dubi bangon. Auta ta ga irin kallon, ta gane shi, don ta taɓa zaton nata ne ita kaɗai. Ya sa tafin hannu ya shafa fentin, a hankali, kamar mai lallashin yaro kafin allura.

"Zumata... bayan gobe. Su zo su auna, su ba da takardar, sai in huda miki ko goma ne."

"Wato a yi wa baƙi ado da gidan da babu ni, in sun tafi a shigo da ni ta baya."

"Kwana ɗaya ne fa!"

"Tun a zane kake da kwanaki."

"Ki fahimce ni..."

"Na fahimce ka. Yau ne ma na fara."

Hawaye suka zubo masa, na gaske, ba na wasa ba. Abin da ya fi ci mata rai ke nan. Da mugu ne da abin ya zo da sauƙi: a zage shi, a yi kuka, a warke. Amma yana sonta iya ƙarfinsa. Ƙarfin ne bai kai kaurin bango ba.

Ya ajiye guduma a kan teburin dutse na kicin. Sai da ya shimfiɗa tsumma tukuna, kada ta ƙarce dutsen.

Auta ta zare zoben da ya sa mata, ta ɗora kusa da gudumar, a kan tsumman, don ita ma ba mai ɓarna ba ce.

"Allah ya sanya alheri, Injiniya. Allah ya ba gidanka lamba ta ɗaya."

Ta juya ga Mai Zane.

"Ke kuma, 'yar uwa, ki riƙa dafa abu mai sanyi."

Ta ratsa falo ta fita, ta ja ƙofa. Ƙofar ta rufe da wani lallausan numfashi, ba ƙara, ba girgiza. Ko haushin buga ƙofa gidan bai bar mata ba.

Rana ta dake ta a fuska. Hayaniyar titi, hayaƙin motoci, zufa nan take ta karyo mata a wuya. A bakin get ta yi abin da ta rantse ba za ta yi ba.

Ta waiwaya.

Yana tsaye a bayan tagar falo, hannu biyu a jikin gilashi, bakinsa na motsi. Wataƙila sunanta yake kira. Wataƙila cewa yake ta dawo, ya fasa, zai buga. Wataƙila kuma bayani yake ƙarawa. Gilashin ninki biyu ne, an liƙe shi ta kowane gefe, ko sauro ba ya samun hanya balle murya.

Ta tsaya ta ba shi lokaci. Tagar tana da mabuɗi, a daidai hannunsa na dama.

Bai buɗe ba. Sanyi zai fita.

Auta ta share fuskarta da bayan hannu, ta tsayar da mota, ta faɗa wa direba unguwar Umma. Akwai kek ɗin wasu amare da ta yi alkawarin gasawa kafin yamma, kuma su, ga dukkan alamu, aurensu na nan.