Wa Ya Sayar da Gidan Dulcie Hargan?

Ranar Laraba da hantsi Dulcie Hargan ta sauka daga bas a Tarrabin, da sandarta da jakarta, bayan mako bakwai a asibitin birni inda aka yi mata aikin ƙugu. Ran Juma'a ya kamata a sallame ta, amma ta gaji da abincinsu, ta sallami kanta. Ta ɗingisa har gidanta da ke bakin gaɓar teku, ta zura makulli, ya ƙi shiga. Tana cikin fama sai ƙofa ta buɗe daga ciki, ga wata mata riƙe da burushin fenti.

"Wa kike nema?" in ji matar.

"Wa nake nema? A gidana?"

Saja Merrin Tasker, wadda ita ce rabin 'yan sandan garinmu, ta iso ta tarar da tsohuwar zaune a kan dakali, baƙin kuma, Mista Petrakis da matarsa 'yan Melbourne, sun rasa inda za su sa fuskarsu. Takardunsu tsaf suke. Bara da rani sun ƙwanƙwasa ƙofa suna son gidan, Dulcie ta ba su shayi, ta zagaya da su, ta yi musu dariya ta sallame su. Wata biyu da suka wuce sai ga wasiƙa da sunanta, wai ta amince, a yi magana da lauyanta. Suka biya, ofishin filaye ya sa sunansu, suka sami makulli a akwatin mitar wuta kamar yadda wasiƙar ta faɗa.

Merrin ta kira banki, aka ba Dulcie wayar. Kuɗin gidan suna cikin asusunta, ba a taɓa ko sisi ba.

"Anti Dulcie, kin tabbata ba ki sa hannu a komai ba?"

"Ke yarinya, ƙuguna aka gyara, ba kaina ba."

Kafin rana ta yi tsaka garin duk ya yanke hukunci cewa Errol ne, ɗan Dulcie, mai kiwon kawa, wani irin dodon koɗin ruwa da ake ci, a bakin kogi, wanda ya fi sanin hanyar mashaya fiye da ta gidan uwarsa. Mu mutanen Tarrabin ba ma ɓata lokaci wajen neman mai laifi idan Errol yana gari. Merrin ma wurinsa ta fara zuwa, kuma daga baya abin ya dame ta.

Ta same shi yana wanke kwanduna.

"Ina kake ran Litinin kafin a kwantar da mamarka, ranar da aka sa hannu a takardar cinikin gidan?"

"Nan. Tambayi ruwa." Ya tsane hannu a wando. "Saja, da ni na sayar, kina jin kuɗin za su kwana a asusunta? Ki ba ni girmana mana."

Ta nuna masa hoton takardar. Ya dube ta ya yi tsaki.

"Mama ta fi shekara goma hannunta na rawa. Ko katin Kirsimeti sai ka ce kaza ta taka. Wannan sa hannun na zamanin da muke makaranta ne, lokacin da…"

Ya katse maganar, ya koma kan kwandunansa. Ta yi ta tambaya, shi kuwa sai wankinsa yake yi.

Ofishin Clive Ottaway, lauyan da wasiƙar ta ambata, yana saman shagon kifi. Shekara talatin da biyu duk gidan da aka saya ko aka sayar a Tarrabin ta hannunsa ya bi. Merrin ta hau matakalar tana ƙirgawa, goma sha tara, ƙunci ga tsayi.

"A nan ta sa hannu?"

"A kan teburin nan."

"Ka gan ta da idonka, ka duba katinta, kamar yadda doka ta ce?"

"Ga hatimina, Merrin. Me kike so kuma?"

"Matar da ke jiran aikin ƙugu, wadda ba ta iya taka dakalin coci sai an riƙe ta, ita ta hawo nan?"

Clive ya cire tabarau ya shiga goge shi. Kowa a garin ya san yadda yake yi da tsofaffi. Yakan sa takardu a ambulan, ya manna 'yar jar alama inda za a sa hannu, wani na gida ya kai, ya dawo da su, shi kuma ya buga hatimi cewa a gabansa aka yi. Muna kiran abin kirki, kuma ba wanda ya taɓa kai ƙara.

"Ba sai ka ɓoye mini ba," in ji Merrin, murya ƙasa-ƙasa. "Shekara huɗu da suka wuce ni na kai wa babana ambulan ɗinka, ina sanye da kakin nan. Na san ƙarya za ka rantse a kai, na ce maka na gode."

Kunya ta rufe su duka biyu, kowa yana kallon tebur.

"Wa ya ɗauki na Dulcie?"

"Na riƙe ta a coci ranar da aka yi mata baftisma," in ji Clive. "Ki karɓe lasisina. Sunan kam ba daga bakina ba."

Ya riga ya ce "ta", bai ma lura ba. Merrin ta karɓi fayil ɗin ta zauna a mota tana bin sa shafi-shafi. A nan doka ta tilasta wa mai sayar da gida ya haɗa da takardar ƙaramar hukuma da ke faɗin ko filin yana cikin haɗari. Ta Dulcie ta ce babu komai. An fitar da ita kwana tara kafin hukumar ta buga sabuwar taswirar zaizayar gaɓa, wadda ta shafa wa layin Dulcie jan launi daga farko har ƙarshe. Tun daga ranar ba wanda ya sake taya gida a layin.

Raelene, 'yar Dulcie kuma yayar Errol, a ofishin ƙaramar hukumar take aiki. Ita ce 'yar kirki, mai tuƙin awa uku kowace Asabar zuwa asibiti, kuma a gidanta Dulcie ta sauka tun ran Laraba. Merrin ta same su a kicin. Ta ƙofar ɗakin baya ana hango sabon gado, da ƙarfen dafawa a bango, da hotunan marigayi mijin Dulcie an jera su.

"Yaushe aka kafa ƙarfen can, Raelene?"

"Wancan watan. Don ta huta kwana biyu."

"Da hotunan bangon gidanta duka? Na kwana biyu?"

Raelene ta ajiye butar shayi.

"Bari in faɗa miki yadda na gani," in ji Merrin. "Wanda ya yi wannan bai ɗauki kuɗi ba, don haka ba kwaɗayi ba ne. Ya san ranar da za a kwantar da ita, ya san adireshin su Petrakis, ya san akwatin mita, wato na gida ne. Clive ba zai ba Errol ko ambulan fanko ba. Sa hannun kuma irin na shekara talatin baya ne, na wanda ya koyi kwaikwayon sa hannun uwarsa yana rubuta wa ƙanensa takardar fashin makaranta. Sannan an yi gaggawar ciro takardar hukuma kafin taswira ta fito. Mutum nawa ne a gidan nan suka ga taswirar kafin a buga ta?"

Dulcie ta juya a hankali ta dubi 'yarta.

"Mama, teku ta ci rabin lambun," in ji Raelene, hawaye na zuba. "Sau nawa na roƙe ki? Shekara biyar, ko ƙasa da haka, gidan zai rufta. Da taswirar ta fito ko kyauta ba mai karɓa. Niyyata ran Juma'a in ɗauko ki, in zaunar da ke, in gaya miki a hankali."

"Mutanen nan da na ba shayi fa? Su kin gaya musu?"

Raelene ta sunkuyar da kai.

"Da sunana kika cuce su."

Sai tsohuwar ta dubi Merrin.

"In an ɗaure ta, za a dawo mini da gidana?"

"A'a, Anti. Wanda ya saya da zuciya ɗaya, sunansa ya shiga rajista, gida ya zama nasa. Haka dokar take."

"To rubuta cewa ni na sa hannu. Na manta ne."

"Gari zai ce kin ruɗe. Ba wanda zai ƙara yarda da maganarki, ko likita."

"Su faɗa."

"Batun taswirar dai dole in kai gaba. Aikinta ya tafi, na Clive ma. Su Petrakis kuma sai sun ji gaskiya."

"Ni zan gaya musu da bakina. Nawa ne kawai na yafe."

Dulcie ta dafa tebur ta miƙe. Raelene ta zabura za ta ɗauki jakar da ke bakin ƙofa.

"Ajiye," in ji Dulcie, ba ta ko dube ta ba. "Merrin, kira mini Errol. Ce masa ya share ɗakinsa, uwarsa na zuwa."