Kowa da Farantinsa

"Mutum na ce maka, ba rago ba!" in ji Makau boka. "In rago ke kawo zinari, da mahauta sun ƙare da bene."

"To ni ba ni yanka kowa," Tukur ya ce.

"Wa ya ce ka yanka? Duk shekara, kafin a ga watan cika-ciki, ka ci akushi guda da wani. Wanda ya sa hannu, namu ne. In ba ka samu kowa ba, kai ne namu."

A wani kogon dutse ne wannan, can dajin Bukkuyum. Ƙasusuwa rataye da jan zare, ga tukunya tana tafasa babu wuta ƙarƙashinta. Tukur ɗan Anka ne, mai sayen dutsen zinari, talauci ya ishe shi. Ya lashi baƙin garin da aka miƙa masa.

Ni makwabciyar su Tukur ce, katangarmu kuma gajera ce, in na ji sirrinsu ba laifina ba ne.

Arziki ya zo kamar ambaliya. Shekarar farko ƙanensa Halilu ya ci tuwo da shi, kwana uku aka kai shi makwanci. Ta biyu Innarsa ta ɗanɗana furarsa. Har yau tana bin bango tana gaida mutanen da ba kowa ke gani ba. Gari ya fara ƙus-ƙus. Ni dai ban faɗa wa kowa ba sai mata huɗu.

Shekara ta uku ya ce na gida sun isa haka. Saura kwana biyu wata ya tsaya, ya gayyaci ƙungiyar masu sayen zinari, manyan Gummi da Bukkuyum, walima a Kaduna, gidan abincin Turawan Italiya. Don a san ya waye. A ransa babban tire za a girke a tsakiya, kowa ya sa hannu.

Sai ga ma'aikata da farar riga, suna dire wa kowa farantinsa. Taliya 'yar mitsitsiya, da cokali mai yatsu.

"Ku haɗe muna shi wuri guda!" in ji Tukur.

"Ranka ya daɗe, nan ba a haka."

Tukur ya juya gefensa. Ya miƙa hannu cikin farantin Alhaji Bature, shugaban ƙungiya. Alhaji ya janye abinsa.

"Lafiya, Tukur? Ga naka nan gabanka."

"Zumunci ne, Alhaji, loma guda!"

"Irin zumuncin da ka yi da Halilu?"

Tukur ya bi teburin yana cafkar farantai, manya suna tashi suna kakkaɓe riguna. Babu wanda ya kai loma baki.

Ku masu son a wayi gari ku fi kowa, ku je ku ga gidan Tukur yanzu. Jemagu ne a bene, ko akuya ba ta shiga. Abin da aka ba ka a kogo, da naman gidanku za ka biya.

Washegarin walimar, ranar da wata zai tsaya, da la'asar Tukur ya iso Anka. Da kansa ya zubo tuwo, ya kai ɗakin matarsa Zinatu. Ina jin su sarai.

"Zinatu, taho mu ci. Mun daɗe ba mu ci tare ba."

"Yau kuma ni ka tuna?"

"Don Allah. Rana na faɗuwa."

"Ta faɗi! Mi ya hana ka kira Halilu? Ga Inna can, kira ta!"

"Duk abin da na tara naki ne."

"Riƙe kayanka. Ni ɗiyar malamai ce, da gumin ubana aka ciyar da ni. Wanga tuwo kai ka tuƙa shi, kai za ka cinye shi."

Ya durƙusa, ya riƙe mata gefen zane. Ta fizge, ta sa ƙafa ta tura masa akushin gabansa, ta fita ta buga ƙofa garam.